Ergoterapin Yara: Abin da Bincike Ya Gano, da Batun Wanda Zai Yi Aikin a Maraɗi

A watan Mayun 2023, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba ya amince da ƙuduri na farko a tarihinsa da ya keɓanta ga hidimar farfaɗo da majinyata, wato kulawar da ke biyo bayan allura da ƙwaya domin mutum ya koma ga harkokinsa gwargwadon hali. Ƙudurin ya nemi ƙasashe su saka wannan hidima cikin tsarin kiwon lafiyarsu tun daga ƙananan cibiyoyi, su kuma horar da masu yin ta. Nijar ta riga ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, ta kuma kafa dokar shigar da su cikin harkokin al'umma a watan Disamban 2019. Wannan a takarda ke nan. A harabar asibiti kuwa, uwar da aka sallami ɗanta bayan zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, yaron da a da sai an bi shi da gudu amma yanzu ko loma ba ya iya kaiwa baki, takan ji wani ya ce a kai shi wurin kine, wani ya ambaci ortofoni, ma'aikacin wata ƙungiya kuma ya kawo kalmar da ba ta taɓa ji ba, ergoterapi. Haka za ta goya shi ta koma gida ba ta san bambancinsu ba, balle ta san wanne zai amfane shi.

Ma'anar kalmomin

Kine, wanda a ƙetaren iyaka, wato Najeriya, ake kira gashi, ya fi kula da motsin jiki: ƙarfin tsoka, miƙewar gaɓoɓi, zama, tsayuwa da tafiya. Ortofoni ya shafi magana, fahimtar harshe da haɗiya. Ergoterapi kalma ce da Faransanci ya gina da tushen Girkanci, kashinta na farko yana nufin aiki, kuma daga nan ruɗani yake farawa, domin mai ji yakan ɗauka ana nufin koya wa naƙasasshe ɗinki ko saƙa. Aikin da ake nufi ya fi sana'a faɗi, ya ƙunshi duk abin da mutum yake cika yininsa da shi. Aikin yaro shi ne wasa, cin abinci, sa riga, tsugunno a bayan gida, riƙe alƙalami a makarantar allo ko alli a lakwal, da shiga cikin sa'o'insa a dandali.

Mai ergoterapi yana duba abu uku lokaci ɗaya: yaron, aikin da ake son ya iya, da wurin da zai yi shi. A ɗauki yarinya ƴar shekara biyar da hannunta na dama ya shanye. A gidajenmu da dama ake cin abinci, don haka duk lokacin da ta miƙa hagu cikin kwano sai an tsawata mata, ƙannenta kuma su cinye rabonta kafin ta kai loma biyu. Mai wannan fanni zai iya horar da hannun daman ta hanyar wasa, zai iya naɗa tsumma ko robar taya a mariƙin cokali ya yi kauri yadda yatsunta za su kama, zai iya gyara mata zama ta jingina da bango ƙafafunta a dafe da ƙasa, zai kuma iya zama da kakarta su yi maganar hagu da dama, tun da malamai ma ba su ɗora wa mai larura abin da ba ya iyawa ba. Duk waɗannan jinya ce a wurinsa, ma'aunin nasara kuma shi ne ko yarinyar ta ƙoshi da hannunta.

Fannin ya samu ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, ya bunƙasa wajen jinyar sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na farko, aka kafa tarayyarsa ta duniya a 1952.

Inda buƙatar take fitowa

Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutane miliyan 3.4, mafi yawansu yara da matasa. Abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwar yaro a nan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti lokacin damina: doguwar naƙuda da ke sa jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, zazzaɓin cizon sauro mai zuwa da taune-taune da suma, sanƙarau, da shanyewar ɓarin jiki ga masu sikila. Ga kuma ƙunar wuta daga murhu ko tafasasshen ruwa, wadda idan ta warke ba tare da an miƙar da yatsu ba sai fata ta ƙanƙance hannu ya dunƙule. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna a watan Agustan 2020, amma naƙasar yara ba ta tafi tare da ita ba.

Binciken da Angelina Kakooza-Mwesige da abokan aikinta suka yi a yankin Iganga da Mayuge na Uganda, aka wallafa a 2017, ya gano yara kusan 3 cikin kowane 1,000 suna da shanyewar jiki mai tushe a ƙwaƙwalwa, kuma kashi ɗaya cikin huɗu nasu sun same ta ne bayan sun wuce watan farko na haihuwa, galibi ta dalilin zazzaɓi da taune-taune. A ƙasashe masu arziki irin wannan kason bai wuce 5 zuwa 6 cikin 100 ba, domin can matsalar ta fi zuwa ta hanyar bakwaini. Wani bincike a Uganda ɗin ya nuna cewa wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira daga zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa suna ɗauke da raunin tunani da natsuwa shekaru biyu bayan an sallame su. Ma'anar wannan ita ce, yayin da jinya ke inganta ana ceto rayukan yara da yawa, adadin masu buƙatar kulawa bayan sallama yana ƙaruwa.

Sai tamowa, wadda Maraɗi ta san ta fiye da yadda take so. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a wannan jiha. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyar irin waɗannan yara, akwai mataki guda da ba madara ba ne, ba magani ba: wasa da yaro da nuna masa ƙauna, minti 15 zuwa 30 na tsararren wasa kowace rana. A ɗakin da gadaje suka cika har ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya, wannan matakin ne ake fara ajiyewa.

Abin da bincike ya gano

Tushen wannan mataki bincike ne da Sally Grantham-McGregor ta jagoranta a Kingiston ta Jamaika daga 1986. An ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24, aka raba su rukuni-rukuni. Wasu aka ba su ƙarin abinci, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa take ziyartar gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Da aka sake nemo su bayan shekara 20, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi musu ba da kashi 25 cikin 100. Ba ƙwararrun ergoterapi ne suka yi ziyarar ba, amma darasinta ya shiga cikin fannin sosai: gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa aka liƙe bakinsa yana iya zama kayan jinya idan an san abin da ake nema da shi.

A kan ergoterapin yara kai tsaye, aikin da aka fi ambata shi ne na Iona Novak da Ingrid Honan a Ostareliya, na 2019. Sun tattara binciken da aka yi kan hanyoyin jinya 52 a larurori 22, suka fitar da haɗi 135 na hanya da larura, sannan suka yi musu alama irin ta fitilar kan titi. Guda 40 suka samu kore, wato hujja ta tabbata a yi su. Guda 6 suka samu ja, wato a daina. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, suna tsakiya, hujjarsu ba ta yi ƙarfin da za a yanke hukunci ba. Abin lura shi ne kamannin da ke tsakanin hanyoyin da suka samu kore. Iyali ne ke zaɓar abin da suke son yaro ya iya. Yaron da kansa ne ke yin motsin, ba wani ke juya masa hannu ba. Ainihin aikin ake maimaitawa, a wurin da za a yi shi, sau da yawa. Kuma iyaye suna cikin lamarin, ba a bakin ƙofa suke jira ba.

Misali ɗaya ya isa ya bayyana wannan. Yaron da ɓarin jikinsa ya shanye yakan manta da raunannen hannunsa gaba ɗaya, ya riƙa rataye shi kamar ba nasa ba. Ɗaya daga hanyoyin da suka samu kore ita ce a sa wa lafiyayyen hannun safa ko a naɗe shi na wasu sa'o'i, a ba yaron wasan da zai tilasta masa amfani da raunannen. Wata kuma ita ce a ba shi ayyukan da ba sa yiwuwa sai da hannu biyu. A Maraɗi ba sai an nemi kayan waje ba: ɓarar gyaɗa, riƙe ƙwarya da hannu ɗaya ana tsince wake da ɗayan, tsiyaya ruwa daga buta, ɗaura wa ƴar tsana zane, carafke ga ƴan mata. Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne ƙwaƙwalwar yaro tana gina sababbin hanyoyi bisa abin da ake maimaitawa, kuma tana yin haka da sauƙi a shekarun farko, abin da Bahaushe ya riga ya faɗa game da icce da lokacin tanƙwara shi. Wani gwaji da Novak ta yi a 2009 da yara 36 ya nuna cewa shirin gida na mako takwas, wanda ƙwararre ya tsara iyaye suka aiwatar, ya kawo ci gaba a kan abubuwan da iyalan suka zaɓa.

Sai dai akwai binciken da ke ja wa wannan fata linzami. A Gana, masana daga makarantar nazarin cututtuka ta Landan tare da abokan aikinsu na gida sun bi iyalai 75 masu yara da shanyewar jiki, waɗanda ke haɗuwa rukuni-rukuni sau ɗaya a wata na kusan shekara guda ana koya musu zaunar da yaro, ciyar da shi da wasa da shi. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna iyayen sun samu sauƙin rai, sun daina ganin kansu su kaɗai, yadda suke ciyar da yaran ma ya gyaru. Amma tamowar yaran ba ta ragu ba, wasu daga cikinsu kuma sun rasu kafin shirin ya ƙare. Ilimin uwa ba ya maye gurbin hatsi a rumbu ko maganin farfaɗiya a kanti.

Inda masana suka saɓa

Hanyoyi biyu da suka shahara sun sha suka. Ta farko ita ce ta Berta da Karel Bobath, wadda suka fara a Landan a shekarun 1940, inda mai jinya ke amfani da hannayensa yana daidaita jikin yaro domin hana motsin da ba daidai ba. Ma'aikata da yawa a Afirka da ita aka horar da su. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje, aka wallafa a 2022, ya kammala da cewa ba ta fi rashin yin ta amfani ba, kuma hanyoyin da yaro ke yin aikin da kansa sun fi ta. Masu kare ta sun amsa cewa hanyar ta sauya ƙwarai daga yadda aka fara ta, kuma gwaje-gwajen sun haɗa abubuwa mabambanta ƙarƙashin suna ɗaya.

Ta biyu ita ce ta Jean Ayres ta Amurka, wadda ta ginu a kan cewa wasu yara ba sa iya haɗa saƙonnin taɓawa, motsi da ji yadda ya kamata, don haka ake yi musu jinya da lilo da kayan wasa na musamman. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa hujjar amfaninta taƙaitacciya ce. Magoya bayanta sun kawo gwaje-gwajen baya-bayan nan da suka nuna amfani ga wasu yara masu larurar otizim, wadda ke shafar magana da cuɗanya da mutane, idan an bi ƙa'idojinta sau da ƙafa. Muhawarar ba ta mutu ba, amma ga wurin da ma'aikata da kuɗi suka yi ƙaranci tana da fuska ta daban: hanyar da ke buƙatar ɗaki na musamman da kayan da aka shigo da su dole ta kawo hujja mai ƙarfi kafin a fifita ta a kan wadda za a yi a kan tabarma.

Ma'aunin da aka ƙera a wani gari

Mafi yawan binciken nan an yi shi ne a Ostareliya, Amurka da Turai, ma'aunan da ake gwada yara da su ma can aka ƙera su. Suna tambayar ko yaro yana iya ɗaure igiyar takalmi, hawa matakalar bene, yanka abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, ko amfani da masai na zama. Yaron Gidan Rumji ko Mayahi zai faɗi waɗannan tambayoyi ko da lafiyarsa ƙalau, alhali yana iya kora awaki zuwa kiwo, yarinya kuma tana goya ƙaninta tana ɗauke da tulu. Abin da ya fi damun uwarsa, wato ko zai iya tsugunno shi kaɗai ya yi tsarki, babu shi a takardar.

An yi ƙoƙarin gyara wannan. A Malawi, Melissa Gladstone da abokan aikinta sun fitar da ma'aunin girman yara a 2010 bayan sun zauna da iyaye a ƙauyuka sun tambaye su abin da suke ɗauka ci gaba ne ga yaro. A Kilifi ta Kenya an yi makamancinsa, a Uganda an daidaita wani ma'aunin Amurka da rayuwar can, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da nata na yara ƴan ƙasa da shekara uku a 2023. Fassara kaɗai ba ta isa ba, sai an gwada ma'aunin a kan ɗaruruwan yara masu lafiya na yankin kafin a san mene ne daidai ga ɗan wata 18 a can.

Akwai kuma tambaya mai zurfi da masana irin su Karen Whalley Hammell ta Kanada da Elelwani Ramugondo ta Afirka ta Kudu suka tayar, game da ko burin fannin na mutum ya tsaya da ƙafarsa ba ya buƙatar kowa buri ne na kowace al'umma. A gidan da kaka, gwaggo, kishiyar uwa da yayye suke tsakar gida ɗaya, abin da iyali ke nema sau da yawa shi ne yaro ya zauna cikin mutane, ya ci tare da su, a je da shi suna da biki ba tare da an ɓoye shi a ɗaki ba. Inda har yanzu ake kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, ko a ce iska ce ta taɓa shi, fito da shi tsakar gida ma babban mataki ne, kuma ma'aunin da ba ya ƙirga shi ya bar rabin labarin.

Wa za a horar, kuma ta yaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da hidimar farfaɗowa za ta amfana, yayin da a ƙasashe matalauta da dama ƙwararrun wannan hidima ba su kai 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya ba. Makarantun ergoterapi a Afirka sun fi yawa a ƙasashe masu amfani da Ingilishi: Afirka ta Kudu tun shekarun 1940, Kenya, Uganda, Tanzaniya, Najeriya a Legas da Ile-Ife, Gana daga 2012, Ruwanda daga 2014. Ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Faransanci sun fi dogara ga makarantu irin ta Lome, wadda ke horar da masu kine, masu ortofoni da masu ƙera ƙafar roba. A Nijar akwai wuraren da aikin farfaɗowa ya yi saiwa, kamar cibiyar kutare ta Danja da ke kudu da birnin Maraɗi, da asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da tsangayar kimiyyar lafiya da ke horar da likitoci.

Ra'ayi biyu ake da su kan wanda za a horar. Ra'ayi na farko yana cewa a buɗe cikakken kwas na digiri a ergoterapi. Hujjarsa ita ce tsara shirin jinya ga yaro yana buƙatar sanin jiki, ƙwaƙwalwa da halayyar yara, kuma ƙasar da ba ta da nata ƙwararru ba za ta taɓa yin nata bincike ba. Cikas ɗinsa shi ne sharaɗin tarayyar ergoterapi ta duniya na sa'o'i 1,000 na koyon aiki ƙarƙashin ƙwararre, wanda ke nufin sai an samu malamai kafin a samu ɗalibai. Idan kuma ba a tanadi gurbi a aikin gwamnati ba, waɗanda aka yaye za su tattara a Yamai ko su bi ƙungiyoyi, Dakoro da Tasawa su ci gaba da jira.

Ra'ayi na biyu yana cewa a raba aikin: a ƙara darussa ga masu kine, malaman jinya, ungozoma da ƴan sa-kan lafiya na ƙauyuka, tun da su ne ke ganin yaran a ƙananan cibiyoyin lafiya da ake kira CSI ranar awo da rigakafi. Binciken Jamaika da na Gana suna goyon bayan wannan. Masu suka suna nuna cewa a duka biyun akwai masu sa ido da ke bibiyar ma'aikatan, kuma horon kwana biyar da babu mai waiwayarsa yakan zama takardar shaida a bango. Majon CSI, wato shugaban cibiyar, da ke duba majinyata tun safe har la'asar ba shi da rabin sa'ar zama da uwa ɗaya.

Idan aka auna su, ra'ayoyin biyu kowanne yana buƙatar ɗan uwansa: ƙwararru kaɗan masu tsarawa da sa ido, ma'aikata da yawa masu isa ƙauye. Binciken ilimin ma'aikatan lafiya ya ba da haske kan yadda za a yi. Wani kwamitin masana ƙarƙashin Julio Frenk da Lincoln Chen ya yi kira a 2010 da a gina manhaja bisa abin da al'umma ke buƙata, a kuma riƙa koyar da ɗaliban fannoni daban-daban tare. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar sun nuna cewa ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi yiwuwar komawa aiki a karkara. Wani gwaji a jami'o'in Ostareliya a 2018 ya gano cewa sa'o'i 40 na koyon aiki da majinyatan kwaikwayo sun yi daidai da sa'o'i 40 a asibiti ga ɗaliban da ke farkon karatu, abin da zai iya rage matsin rashin wuraren koyo, ko da yake ba zai maye gurbin taɓa yaro na gaske ba.

Sai batun harshe, wanda ya fi nauyi a wannan fanni fiye da sauran. Likitan tiyata yana iya aikinsa da tafinta, amma ergoterapi kusan duka hira ce. Ɗalibar da ta yi karatunta da Faransanci za ta tarar da kaka ta kwantar da jikanta a cinya tana yi masa ɗura, ta ce mata, “Inna, a zaunar da shi, a ɗan sunkuyar da kansa, a ba shi kaɗan-kaɗan.” Kakar ta amsa, “Ƴar nan, ƴaƴa tara na rena a haka.” Abin da ɗalibar za ta faɗa bayan wannan shi ne jinyar. Dole ta iya bayyana da Hausa, cikin ladabi, cewa maƙogwaron wannan yaron ba ya rufe hanyar numfashi da sauri kamar na ƴaƴanta taran, cewa kunun da ke sa shi tari yana gangarawa huhu, kuma shi ne ke kawo ciwon haƙarƙarin da ake ta kai shi asibiti a kansa. Wannan fasaha ce da ake koyarwa a kuma jarraba, ba abin da za a bar wa sa'a ba.

Abin da zai shafi iyali

Tun 2006 jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a asibitocin gwamnatin Nijar, amma larurar da ake magana a kanta ba ta ƙarewa a shekara biyar, kuɗin mota daga ƙauye zuwa birni kuma ba ya cikin kyautar. Uwar da aka ce ta riƙa zuwa sau biyu a mako takan zo sau uku ko huɗu ta daina, musamman idan shuka ko girbi ya kama. Sakamakon binciken da ya fifita shirin gida yana rage wannan nauyi, domin ziyara ɗaya a wata da aka yi amfani da ita wajen koya wa iyali na iya fin ziyara takwas da uwa ke zaune a benci ana murza ƙafar ɗanta. Haɗarinsa shi ne a juye dukan aikin a kan mace ɗaya da ke daka, ɗiban ruwa da renon wasu yara. Shirin da bai jawo uba, kaka da yayye ciki ba, ko bai saƙa atisayen cikin wanka da cin abinci da ake yi dama ba, yakan mutu cikin mako biyu.

Iyayen da suka samu ganin ma'aikaci suna da damar tambayarsa abu uku: wane aiki takamaimai ake son yaron ya iya, sau nawa za a maimaita shi a gida, kuma yaushe za a dawo a duba ko an samu ci gaba. Raunin da ya riga ya samu ƙwaƙwalwa ba ya gogewa, don haka duk mai alkawarin warkarwa gaba ɗaya, a asibiti yake ko a kasuwa, ya faɗi abin da bincike bai nuna ba. Abin da ke sauyawa shi ne iyawar yaro.

A lakwal, gyare-gyaren da ake buƙata sau da yawa ƙanana ne: a zaunar da yaro gaba kusa da allo, a kauraro masa alli ko biro, a ba shi ƙarin lokacin rubutu, a gyara hanyar bayan gida. Ga yaron da ba ya iya zama, akwai dabarar da ta samo asali a Zimbabuwe ta ƙera kujera da kwali, tsofaffin takardu da kullun fulawa, wadda idan ta bushe takan yi ƙarfin ɗaukar yaro, kafinta ko mai aikin hannu na unguwa kuma zai iya koyonta. Kujerar sai an auna ta daidai da jikin yaron, tsawon cinyarsa da faɗin ƙugunsa, domin wadda ba ta dace ba tana iya karkatar masa da baya ko ta yi masa gyambo. Yaro kuma girma yake yi, don haka bayan wasu watanni sai wani da ya san aikin ya koma gidan ya sake awo.